Kuɗin wuta na cinye ribar niƙan alkama: kwaikwayon kwamfuta zai rage shi kuwa?

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata huɗu ke nan da na kama aiki a wani ƙaramin kamfanin niƙan alkama mai amfani da rola, wato gungumen ƙarfe bibbiyu da ke juyawa suna niƙa ƙwaya a tsakaninsu. Layinmu yana cikin Band A, rukunin da ya fi samun wuta kuma ya fi tsada, kun kuwa san tun Afrilun 2024 aka kai yunit naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Idan wuta ta ɗauke kuma sai janareta, ita ma ta hau shan dizal. Jiya maigida ya kira ni ofis, ya ajiye takardar kuɗin wuta a gabana, ya ce kai da ka yi boko, rage mini wannan. Wani ya kawo masa tallan manhajar da ake kwaikwayon injin gaba ɗaya a kwamfuta, wai kana sauya tazarar rola a kan allo sai ta gaya maka yunit nawa za ka ci. Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan ta rage kuɗin wuta da gaske, ko dai cin kuɗi ne kawai?

Mai_Waya_Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga manhaja, yunit nawa kuke ci a kowane tan na alkama?

Sabon_Injiniya:
Mita ɗaya ce a bakin ƙofa. Ofis, famfon ruwa, fitilun waje, duk a kanta suke.

Mai_Waya_Sharaɗa:
To ka gani. Me za ka ba kwamfutar ta ci? Ka ari na'urar auna amfiya mai baki kamar ƙaguwa, ka bi motocin ɗaya bayan ɗaya lokacin da inji ke cikin aiki, ka rubuta. Mako ɗaya ya ishe ka sanin wanda ke shan jinin maigida. Ni in za a yi caca, ko da yake haramun ce, babbar fankar da ke ɗaga gari cikin bututu zan nuna, ba rola ba.

Baba_Tsohon_Mila:
Yaro, sannu da ƙoƙari. Na yi sama da shekara talatin a gindin rola kafin gwiwa ta zaunar da ni. Bari in gaya maka abin da ba wanda zai sayar maka a faifai. Wuta tana fara tafiya tun kafin alkama ta ga rola, a wajen jiƙo. Alkama mai tauri ana so ta shiga ɓarzar farko da danshi wajen kashi 16 cikin ɗari, kuma ta kwana da ruwan, awa 18 zuwa 24, wani lokaci fiye. Ruwan nan aiki biyu yake yi: yana sa ɓawo ya yi yauƙi kamar fata, ya fita fala-fala bai farfashe ba, yana kuma sassauta farar tsokar ciki ta niƙu ba gardama. Idan ka gajarta lokacin saboda dila na jiran kaya a waje, rola za ta yi ta kokawa da ƙwaya kamar tsakuwa, moto ya yi zafi, dusa ta dagargaje ta shiga fulawa ta dusashe mata haske. Ka biya wuta da yawa, ka samu kaya mara kyau. Awa nawa kuke barin taku?

Sabon_Injiniya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Rumbunan jiƙo biyu ne kawai. Idan oda ta yi yawa, awa takwas ake buɗewa.

Baba_Tsohon_Mila:
Ka ji inda ɓarawonka na farko yake.

Ɗaliba_A_Ingila:
Baba ya yi gaskiya a kan jiƙo, amma kada a yi wa kwaikwayo kuɗin goro. Abu ne da aka daɗe ana bincike a kai. Farfesa Grant Campbell da ɗalibansa a Mancesta sun yi shekaru suna gina lissafin yadda ƙwayar alkama ke fashewa a ɓarzar farko. Kana ba lissafin girman ƙwaya, taurinta, danshinta da tazarar rola, ya fito maka da yadda ɓarzajjen zai rabu: kashi nawa manyan ɓawo, kashi nawa tsaki, kashi nawa gari. Amfaninsa shi ne ɓarzar farko ce ke raba wa duk injinan da ke bayanta aiki. Idan ka san abin da zai fito daga can, ka san rolar da za ta cika da wadda za ta riƙa juyawa kusan ba komai.

Sai dai a lura, wannan lissafin girman ɓarɓashi yake hasashe, ba kuɗin wuta kai tsaye ba. Na wuta akwai tsofaffin ƙa'idoji uku da ake koya wa kowane ɗalibin injiniya: ta Rittinger a 1867, ta Kick a 1885, da ta Bond a 1952. Duk daga fasa duwatsu da ma'adinai aka samo su. Ƙwayar alkama kuwa ba dutse ba ce, abu uku ne a haɗe: farar tsoka wajen kashi 83, ɓawo wajen kashi 14 da rabi, sai ɗan idon tsiro. Mai niƙa ba ƙanƙanta ƙwaya kawai yake nema ba, raba su yake son yi. Shi ya sa duk manhajar da ba a daidaita ta da alkamarku da injinku ba, lambobi masu kyau kawai za ta nuna maka.

Kwankwaso_Ba_Siyasa:
Hajiya, mu da muka tsaya a sakandare fa? A sauko da Hausar ƙasa.

Ɗaliba_A_Ingila:
Yi haƙuri yayana. A taƙaice: kwamfuta kamar tela ce, idan ba ka ba ta awon jikinka ba, rigar wani za ta ɗinka maka.

Baba_Tsohon_Mila:
'Yata, Allah ya yi albarka. Abin da farfesan nan ke lissafawa mu da rariya muke yinsa. Ka tari giram 100 a ƙarƙashin rolar farko, hagu da dama, ka tankaɗe a rariya mai ido milimita ɗaya, ka auna abin da ya wuce. Ni nakan ajiye ta farko wajen kashi 30. Idan hagu da dama suka bambanta, rolarka ta karkace, gefe ɗaya na aiki ɗaya na hutu. Minti goma ne aikin. Ban raina kwamfuta ba, amma ban taɓa ganin ta ɗora tafin hannu a kan murfin rola ta ji zafi ba.

Mai_Waya_Sharaɗa:
Mu dawo kan fanka. Ƙa'idarta ita ce wutar da take ci tana bin gudunta sau gudunta sau gudunta. Idan ka rage gudun da kashi 20, lissafin 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ne, wato 0.51. Kusan rabi ke nan a takarda. Yawancin ƙananan kamfanoni fankar na gudu iya ƙarfinta, sai a toshe iskar da murfin bututu. Kamar ka taka totur har ƙasa ka kuma taka birki. A sa mata inbata mai sarrafa gudu.

Abu_Hanifa_Zariya:
Malam Mai Waya, a yi hattara da wannan rabin. Fankar ɗaga gari ba fankar ɗaki ba ce. Sai iska ta kai wajen mita 20 a daƙiƙa kafin ta riƙe kaya a bututun da ke tsaye. Da ta gaza, kaya su zubo su toshe gindin bututu. Ya faru da mu a wani wurin da na yi aiki: aka sa inbata, wani ya murɗa ta ƙasa da dare don a yaba masa, bututu huɗu suka cushe, muka kwana muna bugun ƙarfe da gudumar roba. Abin da aka tara na wata guda ya tafi a daren nan, ga motoci na juyawa ba kaya. Ka fara toshe inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya: robobin haɗin bututu da suka tsage, bakin makullin iska da ya cinye, jakunkunan tace ƙura da suka toshe. Bayan nan ka rage gudu kaɗan-kaɗan kana kallon bututu mafi nauyin kaya.

Mai_Waya_Sharaɗa:
Na karɓi gyara. Ban ce a kai rabi ba, ƙa'idar na nuna. Ko kashi 5 ka rage a gudu, ka samu kusan kashi 14 a wutar fankar.

Uwar_Gurasa:
Ni ban san amfiya ba, ban san inbata ba. Abin da na sani shi ne in kun gama rage wutarku kada ku kawo mana fulawar da za ta ba mu kunya. Akwai lokacin da na sayi buhu uku, na kwaɓa, ta sha ruwa kamar ba gobe, na ce kai yau na ci riba. Kafin ta tashi ta saki, ta koma kamar koko, ta ƙi zama a jikin tanderu. Kwano nawa na yi asara ranar. Me ke kawo haka?

Baba_Tsohon_Mila:
Hajiya, ba zan rantse ba tunda ban ga buhun ba, amma alamar an matse rolar laushi fiye da kima ce. Rola mai santsi idan ka danne ta sosai tana murje ƙwayoyin sitaci. Murjajjen sitaci yana zuƙe ruwa da farko, daga baya ya sake shi, kwaɓi ya yi danƙo. Kuma ka ga abin dariya, Sabon Injiniya, matsewar nan ita ce ta fi cin wuta a cikin rola duka. Yawancin ƙarfin zafi yake komawa. Ka biya kuɗi ka ɗumama ƙarfe, ka ɓata wa Hajiya gurasa.

Mai_Biredi_Gusau:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Mu masu burodi muna son fulawa mai shan ruwa daidai gwargwado, don buhu ya ba da ƙwaya da yawa. Idan suka sassauta rola gaba ɗaya don tsimin wuta, mu za mu koka.

Baba_Tsohon_Mila:
Ai na ce fiye da kima. Gishiri ma ana so a miya.

Ɗan_Maraɗi_227:
Salamu alaikum daga wannan gefen iyaka. Ku kuna kukan tsada, mu mun ga rashinta ɗungurungum lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023. Watanni aka yi kowa na kan gurup, wato janareta. Abin da na koya a lokacin: janareta mai ɗauke da kaya daidai tana ba da yunit uku zuwa uku da rabi a litar gazuwal, dizal ɗinku ke nan. Idan babba ce kuma kayan da ke kanta ba su kai kashi 30 ba, man take sha a banza, har ta riƙa zubar da baƙin mai ta salansa. Ɗan'uwa, ka lissafa yunit ɗin janaretarku da farashin lita na yau, za ka ga Band A ɗin da kuke zagi sauƙi ce. Kuma kada ku tada motoci duka a tare. Moto idan aka tada shi kai tsaye yana jan wuta ninki shida ko bakwai na abin da yake ci a aiki.

Kwankwaso_Ba_Siyasa:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa ba za a koma injin niƙa irin na unguwa ba? Moto ɗaya, bel ɗaya, an gama. Alkamar Kadawa da ta Haɗeja da shi muke niƙa ta, mu yi alkaki da finkaso lafiya lau.

Mai_Inji_Kurna:
Ranka ya daɗe, ni ke da irin injin da kake faɗa, kuma ba zan yaudare ka ba. Namu yana haɗa ɓawo da tsoka ya murƙushe su tare, garin ya fito ja-ja da ɗumi. Na finkaso ne da taliyar murji ta gida. Mai burodi ba zai karɓa ba. Amma abu ɗaya muka haɗu da su: ranar da faranti ya dakushe, awo ɗaya sai na mayar da shi sau uku, mai ya ƙone a banza. Iyayenmu mata ma sun san dutsen niƙa sai ana kuɗa shi.

Baba_Tsohon_Mila:
Mai Inji ya taɓo wajen. Haƙoran rolar ɓarza yanka ake so su yi, su buɗe ƙwaya su kankare tsoka daga ɓawo. Shi ya sa rola ɗaya take gudu ninki biyu da rabi na 'yar'uwarta. Idan haƙora suka cinye, sai yanka ya koma matsa. Tsaki mai kyau ya ragu, kaya su yi ta zagayawa zuwa rolar baya, kowane zagaye kuma sai fanka ta sake ɗaga su sama. Yaro, yaushe rabon da a fitar da rolarku ta farko a sake mata haƙora?

Sabon_Injiniya:
Na tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Ya yi dariya ya ce tun zuwansa bai gani ba.

Akanta_Mai_Lissafi:
Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma akwai abin da nake tsoro. Kowa na maganar yunit a kan tan na alkama. Maigida ba alkama yake sayarwa ba. A ce ka yi dabara ka rage yunit 5 a kowane tan. A naira 210, ka tsira da naira 1,050. A ce kuma garin yin haka fulawar da kake fitarwa ta sauko daga kashi 76 zuwa 75. Kashi ɗaya a tan kilo 10 ne, ɗaya bisa biyar na buhu mai kilo 50, ya bi dusa an sayar wa masu kiwo. Ka je Singa ka tambayi kuɗin buhun fulawa yau, ka raba biyar, ka cire kuɗin dusa kilo 10, ka kwatanta da 1,050 ɗin nan. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Kuɗin alkama, wadda yawancinta da dala ake shigo da ita, shi ne giwar. Wuta ɗan akuya ce a gefenta, sai dai ta fi ihu saboda takardarta na zuwa a dunƙule ƙarshen wata.

Ɗaliba_A_Ingila:
Wannan maganar ta Akanta ita ce dalilin da ya sa har yanzu nake kare kwaikwayo. Tunda abubuwan sarƙe suke, ka taɓa nan can ya motsa, kan mutum ɗaya ba zai riƙe su duka ba. Amma ba sai an sayi mai tsada ba. Sabon Injiniya, ka buɗe Excel. Ka zana duk hanyoyin da kaya ke bi daga rola zuwa sifta, wato injin tankaɗe, zuwa rola ta gaba. Ka tari kowace hanya na minti ɗaya ka auna. Kusa da kowace rola ka rubuta amfiyar da Malam Mai Waya ya ce ka auna. Abin da ya shiga dole ya yi daidai da abin da ya fita, in bai yi ba akwai kuskure a awonka. Wannan ma kwaikwayo ne, kuma na injinku ne. Daga nan idan ka sauya tazara sau uku ko huɗu kana rubuta sakamako, kai da kanka za ka fara hasashe. In maigida ya nace sai ya sayi manhajar, ka ce mai sayarwa ya fara hasashen abin da ka riga ka auna ba tare da ka nuna masa amsa ba.

Abu_Hanifa_Zariya:
Wannan gwajin na ƙarshe ya yi mini. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mai_Waya_Sharaɗa:
Ƙari a kan lissafin Akanta: akwai ragin da ba ya taɓa fulawa ko kaɗan. Kwamfuresa mai yoyon iska. Bel da ya saki yana zamewa. Moton da aka sake naɗa wa waya sau uku. Na'urar share alkama da ake bari tana juyawa bayan rumbu ya cika. Moto mai kilowat 15 da ke aikin banza awa biyu kullum, ko rabin ƙarfinsa yake ja, yunit 15 ne a rana, 450 a wata. Ka fara da waɗannan, ba mai yi maka faɗa.

Malamin_Tarihi_BUK_Road:
Ku ba ni minti ɗaya in shigo da abin da na iya. Niƙa da rola a Hangari ta yi ƙarfi, a Budafes, inda kamfanin Ganz ya shahara da rolar ƙarfe a shekarun 1870, daga can Amurkawa suka ɗauka. Abin da ya sa na tuna shi ne maganar jakunkunan ƙura da aka yi a sama. A 1878 babban injin fulawa na Washburn a Miniyafolis ya tarwatse saboda ƙurar gari da ta kama wuta, mutum 18 suka mutu. Don Allah duk tsimin da za a yi, kada wani ya kashe fankar zuƙe ƙura.

Baba_Tsohon_Mila:
Malam, Allah ya saka. Na ga wanda ya yi hakan da hunturu wai don ya huta da ƙara. Korar sa aka yi washegari, kuma ban tausaya masa ba.

Tunda an ambaci hunturu, yaro, ka riƙe wannan. Alkamar da ta zauna a sito a Kano daga Disamba zuwa Maris ba ita ce wadda aka sauke a Legas ba, ta bushe ƙarau. Idan ta zo maka da danshi kashi 11 kana son 16, tan ɗaya na buƙatar ruwa wajen lita 60. Idan ta sauko 9, wajen lita 83 ne, kuma ba za ta shanye shi a zama ɗaya ba, sai ka raba jiƙon biyu. Wanda ya bar famfo a inda yake tun damina, shi ne zai zo yana cewa mita ta lalace.

Akanta_Mai_Lissafi:
Kuma ruwan nan nauyi ne da ke shiga buhu ta halattacciyar hanya, muddin ba a wuce ƙa'idar danshin fulawa ba. Baba, ashe kai ma akanta ne.

Mai_Biredi_Gusau:
Muna jin ku dai. Ruwa kuke sayar mana ashe.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Na ari na'urar amfiya yau da safe. Motoci bakwai kawai na samu aunawa kafin wuta ta ɗauke. Babbar fanka ce a gaba kamar yadda Malam Mai Waya ya faɗa, amma abin da ya ba ni mamaki wata rolar laushi ce can ƙarshen layi, kayan da ke bi ta cikinta ba su taka kara sun karya ba, murfinta kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Na sassauta ta kaɗan, mai kula da dare ya zo ya mayar da ita yadda take, ya ce haka ya gada. Maganar ƙara rumbun jiƙo na uku kuma ban san ta inda zan fara gaya wa maigida ba, mutumin da ya ce in rage kashe kuɗi.

Ɗaliba_A_Ingila:
Ka tari abin da ke fita daga siftar wannan rolar kafin da bayan sassautawa, ka auna a gaban mai kula da daren. Kada ka yi gardama da shi da baki.

Baba_Tsohon_Mila:
Kuma ka gaishe shi da girmamawa kafin ka taɓa masa rola, ya riga ka shiga gidan. Wataƙila akwai dalilin da ya sa ya matse ta, ka tambaye shi ko rariyar da ke sama da ita ta toshe ne. Haƙoran rolarku ta farko, baya da baya aka ɗaura su, wato gefen da ba kaifi ne ke haɗuwa, ko kaifi da kaifi?

Sabon_Injiniya:
Wallahi Baba ban duba ba. Gobe in an tsaya sallar Azahar zan sa a buɗe murfin.

Uwar_Gurasa:
In kun gyara ku faɗa mana a nan, in aiko yaro ya ɗauko buhu ɗaya in gwada.